Ɗan da Babu a Littafin Nasara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Shekara tara ke nan da wata biyar rabona da ƙofar gidanmu. Da damina nake ƙirga su, ko da yake inda nake yanzu damina ba ta zuwa, sai dai mu ji labarinta a bakin 'yan ayari.

Takarda ta fito daga hannun Kaporal Arzika, mutumin Kurfai, wanda ke tsaron wata rijiya kwana uku arewa da Agadas, zuwa ga babban ɗansa da ke tsare a barikin Filinge. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya. Ina gaida matarka, Allah shi sauke ta lafiya. Ina gaida ƙanwarka Hajo a wurin gwaggonta a Sanam, da baffanka Gado da iyalinsa. Allah shi tsare ka daga harsashi da cuta da mugun shugaba, shi tsare ka daga zuciyarka, don ita ce ta fi kusa.

Bayan haka. Bawa ɗan Damana, wanda ke rako ayarin hatsin soja daga Filinge ta Tawa, shi ya kawo mini labari shekaranjiya. Bai ko sauke kaya ba ya jawo ni bayan raƙuma ya ce, "Kaporal, an kama ɗanka."

Na ce, "Wane ɗa? Idi ai ya rasu."

Ka ji abin da bakina ya fara faɗi. Ban ɓoye maka ba. Bawa ya dube ni ya ce, "Babban."

Ya ce mai gari ya kai ka cikin samari shida da kumandan ya nema saboda yaƙin da Nasara ke yi da Jamus bayan teku. Ya ce baffanka Gado ya bi ku har Filinge, ya tsaya gaban kumandan ya ce uban yaron nan soja ne, kuma an yi alkawari gidan da ya ba da soja ba a ɗauke masa namijin da ya rage. Kumandan ya sa anka ɗauko littafi. Anka buɗe anka karanta: Arzika, mace ɗaya, ɗiya biyu, Idi da Hajo. Anka juyo gare ka anka ce kai ɗan wa ne. Bawa ya ce yana nan tsaye, da kunnensa ya ji ka ce, "Littafi ya fi ni sani." Ka miƙa yatsa anka shafa maka tawada.

Ya ce za a riƙe ku a bariki har a gama yankan hatsi, sa'an nan a kora ku Yamai, daga can a zuba ku jirgi. Mun zauna ni da shi mun ƙirga da tsakuwa, kwana ashirin da biyar sunka rage. Da kaya ya yi ashirin da uku kafin shi iso nan. Ba kaya, bisa raƙumi mai sauri, ya ce zai yi sha bakwai in hanya ta bar shi, kuma hanyar nan bana ba kowa take bari ba.

Tare da wasiƙar nan akwai wata ƙaramar takarda ta Nasaranci mai hatimi, naɗe cikin fata. Tana cewa kai ɗana ne. In ta shiga hannun kumandan kafin ku hau ruwa, za a sake ka. Amma kapitan ɗinmu ya ce takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Tunda da bakinka ka ƙi amsawa, za a sake tambayarka, kuma da bakinka za ka amsa. Don haka na ce wa Bawa kada shi kai ta ofis, hannunka zai sa ta. Kai za ka miƙa, ko ka ƙi. Ba ni da ikon da zan tilasta ka daga nan, ko ina kusa ma ban ga da wane baki zan yi ba. Abin da ya rage mini shi ne in gaya maka inda na yi kuskure, ɗaya bayan ɗaya, ka duba da kanka. Ba wanke kaina na zo yi ba.

Na fara da yadda na ɗauki bindiga.

Kana tatata lokacin da Nasara sunka shigo dallol, kwarin ƙasarmu. Kafin zuwansu da shekara guda mahara daga arewa sun faɗa mana a bakin rijiya, sun kore shanunmu, sun soke wana Maidaji da mashi yana riƙe da guga. Ni na ɗauko shi a kafaɗa zuwa gida. Da Nasara sunka ce suna neman mahaya waɗanda sunka san rijiyoyin arewa, ni ne na uku da ya ɗaura sirdi. Kakanka ya fito ya kama linzami ya ce, "Arzika, mutanen nan ba su ba da aron bindiga. Wanda ya riƙe ta, shi anka ara." Na ce masa rani ɗaya kawai, in kwato shanu in dawo kafin shuka. Mun kuwa kwato shanu. Goma sha ɗaya na koro gida, uku daga ciki ba namu ba ne, na sani, na yi shiru. Sa'an nan anka ce mu juya gabas. Ranin nan yau shekararsa goma sha bakwai. Wanda ya soke Maidaji ban taɓa ganin fuskarsa ba. Waɗanda na harba kuwa, ban san sunan ko ɗaya ba, kuma wasunsu ina jin ba su taɓa ganin saniyar Kurfai ba.

Na san abin da ya sa ka faɗi maganar nan gaban kumandan. Ba son kakin soja kake ba. So kake magana ta hau raƙumi ta zo har inda nake ta ƙone ni. To ta iso, ta yi aikinta, kwana biyu ban ci tuwo ba. Ba sai ka kai ta bayan teku ba. Fushi guzurin kwana kaɗan ne, iyakarsa Yamai. Daga nan abin da ke raka mutum sai kumburin ƙafa da sanyi da sarzan, shugaban soja, wanda bai san yarenka ba. Kada ka ɗauki bindigar wani don ka rama abin da ke cikin gidanku. Na gwada.

Yanzu littafin.

Shekara uku bayan haka Nasara sunka ce ba su son mahaya masu zuwa da komawa, duk mai so shi zama soja sosai, a ba shi kaki da jar hula. Anka kafa tebur ƙarƙashin gawo a Filinge ranar kasuwa. Bature na zaune da alƙalami, tafinta na tsaye, wani Bambara mai karyayyar Hausa. Rabin garinmu na wurin. Kakanka na tsaye bai fi taku uku daga gare ni ba, kai kuma kana riƙe da gefen rigarsa, shekararka shida.

Tafinta ya ce, "Mace nawa?"

Na ce ɗaya.

"Sunanta?"

Na dubi ƙasa. Gado ne ya faɗa a madadina, mutane sunka yi dariya.

"Ɗiya nawa?"

Ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari. Sunan kakanka anka raɗa maka, kuma tun ranar da anka yaye ka ya ɗauke ka zuwa ɗakinsa, shi ya koya maka allo, tare kuke cin tuwo. Ban taɓa ɗaukarka gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka ba, haka shi ma ya yi wa Maidaji. Ta yaya zan tsaya gaban ubana, tsakiyar kasuwa, in ƙirga ka cikin nawa, in kuma ɗaga murya in faɗi sunansa? Na ce, "Biyu. Idi da Hajo."

Tafintan nan ba wawa ba ne. Ya nuna ka da baki ya ce, "Wancan fa, mai kunnuwa irin naka?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Na ce, "Na tsoho ne."

Kakanka ya gyaɗa kai. Na ga ya ji daɗi. Da maraice ana ta cewa Arzika ya shiga aikin Nasara amma bai zubar da kunya ba. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Baturen ya busa takarda ya rufe littafi, ya kira na gaba.

Ba zan zagi kunya ba. Da ita anka rene mu, kuma na ga garuruwan da babu ita, ban yi sha'awarsu ba. Amma takarda ba ta san kunya ba. Abin da ka ɓoye don girmamawa, ita babu take rubutawa. Kuma ba zan ɗora wa al'ada laifin duka ba. Shekara goma sha huɗu ina da baki. Kakanka ya rasu, ba wanda zan ji nauyinsa, sau nawa ina tsayawa gaban tebur irin wancan, ban taɓa cewa a gyara ba. Da Idi ya rasu ma ban tuna ba. Na saba da rashin ƙirga ka har na manta ƙarya ce.

Saboda haka, ko ka tafi ko ka zauna, duk ranar da Bature ya tambaye ka da alƙalami a hannunsa, ka faɗi duka, da ƙarfi, ko surukinka na tsaye. Ka faɗi sunan matarka da bakinka. Ka ce tana da ciki. Ka sa tafinta shi maimaita maka abin da anka rubuta, in ya yi tsaki ka bar shi da tsakinsa. Kada ka yarda a sa maka sunan gari a gurbin sunan uba. Mun binne mutane nan waɗanda littafi ke kira Musa Doso, Ali Tawa, har yau ba a san ƙofar da za a kai ta'aziyya ba.

Na uku shi ne wanda ya fi mini nauyi, kuma kai shaida ne, don shekararka goma sha ɗaya a lokacin.

Zuwana na ƙarshe, kwana ashirin anka ba ni. Na shigo gari da jar hula da takalman fata, yara na bina. Kakanka ya rasu shekara guda kafin nan, ni ne maigida. Rumbu uku ya bar mana. Biyu na ci, na ukun shi ne rumbun tsimi, wanda yake liƙe bakinsa da laka, kowace kaka a fitar da tsohon hatsi kaɗan a mayar da sabo, ba a taɓa barinsa ya sauka. Ni kuwa makaɗa sun cika ƙofar gida suna kirana da sunayen da ban taɓa ji ba, ga wani Bafillace ya kawo doki mai farar ƙafa. Na ce a fasa laka.

Uwarka ta same ni bayan rumbu, ta durƙusa, ta ce, "Maigida, wanga na tsoho ne. Ko shekarar fara bai buɗe shi ba."

Na ce, "Tsoho ba shi da albashi. Ni ina da Nasara."

Ta ce, "To Nasaran za mu zuba a turmi?"

Matan da ke sussuka sunka ji, sunka yi dariya cikin zane. Abin da ya ɓata mini rai ke nan, dariyar, ba maganar ba. Na sa anka fitar da dammunan har ƙasa. Rabi anka ci a kwana huɗu, rabi ya tafi wurin Bafillace. Kwana ukun da sunka rage mini ban yi mata magana ba. Ranar tafiya ta dama fura ta cika gora, ta kawo har bakin doki. Na karɓa ban dube ta ba. Kai ne ka riƙe mini likkafa. Ka ce, "Baba, a sauka lafiya." Na ji ka sarai. Na duba bisa kanka na ce wa Gado, "A kula da awaki." Maganata ta ƙarshe ke nan a gidanmu.

Dokin bai kai wata biyar ba ya mutu a Tawa. Rumbun kuwa bai sake cika ba, don mace ɗaya da yara ba su noma abin ci su noma na tsimi. Da babbar yunwar nan ta zo, ka fi ni sanin sauran. An gaya mini kai ka haƙa wa Idi kabari. An gaya mini uwarka tana raba nata kashi biyu ta tura muku, ta ce ta ci a gidan Gado, a gidan Gado kuma ta ce ta ci a gida. An ce ta ga ruwan farko, ba ta ga tsiro ba. Ina Bilma lokacin. Wata bakwai labari ya yi kafin shi same ni, kuma cikin watannin nan na saya mata zane baƙi mai kyau wurin wani Bahaushen Kano, ina ta shirya abin da zan ce in na miƙa mata. Ina son matar nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har ita. Kai ne na farko, kuma ban ga amfanin da ya yi mata yanzu ba.

Bawa ya ce matarka na takowa daga gari kowace ranar kasuwa, da cikinta, da ƙwaryar fura a kai, ta tsaya bakin shingen bariki. Ya ce ba ka fitowa, wani kake aikowa shi karɓa. Da na ji haka sai da na tashi na zagaya rijiya. Wa ya koya maka? Ni, na sani. To ka bari. Kasuwa mai zuwa ka fita da ƙafarka, ka karɓa da hannunka, ka sha tana gani, ka tambaye ta ƙafafunta. In samari sun yi maka dariya, dariya ba ta kashe kowa, ni gudunta ne ya kashe mini gida. Ka gaya mata inda kake so a shuka baɗi, da wanda za ta nema in haihuwa ta zo da gardama. Kada ka bar mace da shiru, don ba ka san tsawonsa ba. In kuma Allah ya sa ka zauna, ka liƙe rumbu ɗaya da laka ko da dami goma ne a ciki, kada ka buɗe shi don baƙo, ko don suna, ko don ni.

Akwai wata kuma da ban so in rubuta, amma in na bar ta na cuce ka.

Shekara biyu da sunka wuce, a ƙasar Damagaram, anka aike mu wani ƙauye mu kawo samari uku, irin yadda anka kawo ku. Gari ya watse cikin daji. Na leƙa wani rumbu na ga ƙafa cikin ƙaiƙayi. Na jawo shi, bai kai ka ba. Uwarsa ta fito ta kama ƙafata da hannu biyu, ina tafiya ina jan ta a ƙasa. Ta ce, "Soja, don Allah, kai ba ka da ɗa?"

Don ta sake ni na ce, "Ba ni da."

Ta sake ni kuwa. Ta zauna cikin ƙasa ta ce, "Allah shi tabbatar maka."

Da Bawa ya ce an buɗe littafi ba a gan ka ba, muryar matar nan na fara ji.

Na gaya maka wannan don ka san na san aikin. Kumandan shida ya nema, shida zai kora. In ka fita, mai gari zai cika gurbi. Na tambayi Bawa wa ke biye, ya ce ɗan Jibo maƙeri, wanda kunka yi kiwon awaki tare. Ba zan ce maka abin da tsabta ba. Takardar nan da ke fidda kai, ita ke shigar da shi. Abin da zan iya cewa, Jibo na da maza uku, gidanmu kai kaɗai ka rage, kuma gidanmu ya riga ya biya, da ni, da uwarka, da Idi. Alkawarin nan ba alfarma ba ce, da jini anka saye shi. Duk da haka uwar yaron ba za ta ƙirga haka ba, kuma tana da gaskiya. In ka zauna, kowace damina ka fara kai hauyarka gonar Jibo kafin taka, har yaron shi dawo, ko a san ba shi dawowa. In ta zage ka a hanya ka tsaya ta gama. Kada ka aika wani shi gaishe su, ka je.

In kuwa Bawa ya makara, ko ka karanta duk wannan ka ce har yanzu littafi ya fi ka sani, to ga abin da shekara goma sha bakwai ta koya mini, ba shi da yawa. Ka kula da ƙafarka fiye da bindigarka, bindiga tasu ce, in ta lalace su ba ka wata. Waɗanda sunka dawo daga can sun ce sanyi ya fi harsashi cin yatsu, ka shafa mai, kada ka kwana da jiƙaƙƙen takalmi. In an ce wa zai je, kada ka ɗaga hannu. In an ce kai za ka je, ka je, kada ka bar wani shi mutu a gurbinka kana kallo. Ka nemi aboki ɗaya wanda ya san sunan garinku da sunan matarka, kai ma ka riƙe nasa. In an ba ka umurnin ƙona rumbu ko cike rijiya, ba ka iya ƙi, za su harbe ka, amma kana iya yin nawa. Na cike rijiyoyi a ƙasar nan da hannuna, na mutanen da na tsana tun ina saurayi, kuma na ga matansu da raƙumansu a bakin ramin daga baya. Ƙishirwarsu irin tamu ce. Ka yi salla ko a zaune. Kada ka saba da komi har ka manta ƙarya ne.

Bari in gaya maka yadda anka samu takardar, don kada ka zaci daga sama ta faɗo.

Jiya da hantsi na sa kaki na je ƙofar kapitan. Shekara huɗu ina ƙarƙashinsa ban taɓa roƙonsa komi ba. Ba mugu ba ne, ba kuma nagari ba, mutum ne da ya gaji kamar ni. Yana aski a waje, tafinta na riƙe masa madubi, sojoji kamar goma na zaune suna gyaran sirdi. Na ƙame na ce ina da magana. Na ce a buga waya Filinge a sako ɗana. Ya ce waya ta yaƙi ce, ba ta gidan kaporal ba. Ya sa anka ɗauko nasa littafin, ya bi da yatsa, ya ce, "Ɗanka ya mutu, ga shi an soke."

Na ce akwai wani.

Tafintanmu Bazabarme ne, bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce, "Kaporal, shekara tara ba ka je gida ba, yau ka haihu? Barka! Ina goron suna?"

Sojoji sunka fashe. Na ce shi gaya wa Bature ɗan fari ne, mu ba mu ƙirga ɗan fari. Ya gaya masa. Kapitan ya ajiye aska ya dube ni kamar na ce raƙumi ya yi ƙwai. Ya ce, ɗan da ka fi daɗewa da shi, shi ne ba ka ƙirgawa? Na ce haka ne. Ya ce don ba ka son shi? Na ce a'a. Bawa da wasu Kurfayawa biyu sunka matso sunka rantse sun san ka, sun san gidan. Ya shiga ya fito da takarda da alƙalami, rabin fuskarsa da kumfa, ya ce, "Sunansa."

Na ɗauki gawar wana a kafaɗa. An cire mini harsashi a cinya ba magani. Ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba. Duk Bahaushen da ke nan ya san abin da ake nema gare ni. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Tafinta ya ce a hankali, ba wasa wannan karon, "Kaporal, in faɗa maka? Bawa ya gaya mini." Na ce a'a. Sau ɗaya anka taɓa faɗa mini suna gaban tebur, na ga inda ya kai mu.

Na faɗa. Bature bai ji daidai ba, ya ce in sake. Na sake. Ya rubuta ya karanta, ya karkatar da shi, na ce ba haka ba, na faɗa na uku da ƙarfi har masu ban ruwa a rijiya sunka waiwayo. Ba wanda ya yi dariya. Ya buga hatimi ya miƙo mini, ya koma askinsa.

Shekara ashirin sunan na bakina. Ban san yana da sauƙin faɗi haka ba.

Ga roƙona, tunda umurni ba ni da shi. Ka miƙa takardar. In sun ce kai ɗan wa ne, ka faɗa. Na san kai ma nauyi zai kama ka, ba a kiran sunan uba, ga kuma abin da ke zuciyarka. Ba sai ka yafe mini ba kafin ka faɗa, waɗannan abu biyu ne dabam. Ka faɗa don matar da ke tsaye bakin shinge, da wanda ke cikinta. Shi ma ɗan fari ne. In ya zo, ka ji kunyarsa gaban mutane yadda aka saba, ban hana ba. Amma ka ƙirga shi.

Ni ban san ranar da za a sallame ni ba. Sun ce in yaƙi ya ƙare, sun kuwa faɗi haka tun ina da baƙin gemu. In na dawo ka ga dama ka fito, in ba ka ga dama ba zan sauka wurin Gado, ba zan ce komi ba.

Allah shi kai Bawa lafiya, shi rufe idon mahara daga gare shi, shi jinkirta yankan hatsi ko da kwana uku. Allah shi tsare ka a tudu, in ya ƙaddara ruwa shi tsare ka a ruwa. Allah shi jiƙan kakanka da uwarka da Idi, shi mayar wa matar Damagaram ɗanta. Amin. Wasalam.

Ɗan abin da na tara na albashi ya tafi wurin hayar raƙumin Bawa. Ga abin da ya rage, duka yana cikin buhun da zai ba ka, ka duba kada wani abu shi ɓace a hanya.

Bargo ɗaya na soja, da ƙuna a gefe. Takalma ƙafa ɗaya, sun fi ƙarfin ƙafarka ka cusa tsumma. Kantun gishirin Bilma biyu, ɗaya na matarka in ta haihu, ɗaya na gidan Jibo. Dabino mudu uku, na Hajo. Zane baƙi ɗaya, ba a taɓa ɗaura shi ba, a goya jaririn da shi.

Takarda ɗaya mai hatimi, da suna ɗaya a ciki. Usumanu, ɗan Arzika.